Daga Maɓalli Ake Fara Abin Hannu

 Shirinmu na yau na masu sana'ar hannu ne, musamman iyayenmu mata da ƙannenmu 'yan mata masu haɗa abin hannu da sarƙa da jigida da duwatsun ado a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura da ƙauyukan da ke kewaye da su. Amma ina roƙon maƙera su ma su matso kusa da rediyo, domin rabin maganar tasu ce.

Duk wadda ta koyi wannan sana'a, ko a wajen maƙwabciya ko a taron koyar da sana'o'i, abu ɗaya ake fara nuna mata, wato yadda za ta zura duwatsu a zare, ta sa ja bayan fari, ta raba manya da ƙanana, har jeri ya yi kyau. Sai an gama wannan duka sannan a zazzago wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli daga cikin leda, irin wanda ake sayowa dozin-dozin a wajen ɗan koli, a ɗaura shi a bakin zaren a ce aiki ya kammala. Wannan ɗan ƙarfen shi ne maɓalli, shi ke haɗa bakin abin hannu biyu, kuma shi ne abin da aka fi rainawa a cikin aikin gaba ɗaya. Ra'ayina shi ne an juya aikin, an sa gaba a baya. Daga maɓalli ya kamata a fara, a kansa za a auna tsawo, a kansa za a zaɓi launi da nauyin duwatsu, sannan kuma ya kamata a ce maƙeran garuruwanmu ne ke ƙera shi. A nan ƙarkon abin yake, a nan lafiyar mai sawa take, kuma a nan ne kaɗai mai sana'a a Gwiwa ko Roni za ta iya fin masana'antar ƙasar Sin. Zan kawo dalilaina, kuma zan saurari masu ja da maganar, domin suna da hujjojin da ba na wasa ba.

Akwai wata magana da ake yawan yi cewa wai sana'ar duwatsu ta lalace ne tun da aka fara shigo mana da duwatsu daga waje. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A Durɓi-ta-Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani a nan maƙwabtanmu jihar Katsina, masu binciken kayan tarihi sun tona wasu tsofaffin kaburburan manyan mutane a 1992, waɗanda shekarunsu suka kai 500 zuwa 700. A cikin abin da aka samu akwai jajayen duwatsun ado, da na gilashi, da wuri, da mundaye na ƙarfe, da kayan ado na zinariya. Wurin nan ba a Kogin Haɗeja ake samun sa ba, daga tsibiran Tekun Indiya yake fitowa. Da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya shiga Kano a 1851, ya lissafa duwatsun ado a cikin kayan Turai da fatake ke ratso Sahara da su, tare da takarda da allura da ruwan takobi. Birnin Banis na Italiya, wanda tun 1291 aka tattara masu narka gilashinsa a tsibirin Murano, ya yi ɗaruruwan shekaru yana yi wa Afirka duwatsu. Haka garin Jablonec na ƙasar Cek, haka Khambhat na Indiya da ya shahara da fere jan dutse, haka Idar-Oberstein na Jamus da ya riƙa fere dutsen da aka haƙo a Birazil a ƙarni na 19 domin kasuwannin Afirka. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta ga duk waɗannan sun shigo sun fita. Ashe dutse baƙo ne a ƙasar Hausa tun asali. Abin da yake namu shi ne hannun da ya jera shi, da idon da ya zaɓi launinsa, da ƙarfen da maƙeri ya ƙera aka haɗa da shi.

Ba wai ba a taɓa yin dutsen ado a ƙasar nan ba. An yi, kuma an yi na ban mamaki. A Ile-Ife, binciken da aka yi a Igbo Olokun ya nuna cewa tun wajen ƙarni na 11 mutanen wurin ke haɗa gilashinsu da kansu suna yin duwatsu da shi. A Bidda har gobe 'yan unguwar Masaga na narka kwalabe suna yin ƙarau da duwatsu, kuma aikin hannu irin wannan da na tagulla ne ya sa hukumar UNESCO ta sa Bidda cikin jerin biranen fasaha a 2021. Amma labarin Ilori ne ya fi dacewa mu tsaya a kansa. A can an yi masu fere wani jan dutse da ake kira lantana, wanda fatake Hausawa ke kawo musu ɗanyensa daga arewa. Aiki ne mai cin rai, a huda dutse da ɗan tsinken ƙarfe, a goga shi a kan wani dutsen har ya yi santsi. Da kayan masana'antun Turai masu kama da shi suka cika kasuwa da araha a farkon ƙarni na 20, sai sana'ar ta durƙushe. Masu lantana ba su rasa gwaninta ba, sun dai tsaya takara ne a fagen da inji ya fi ƙarfi, domin inji na zubo dutse dubu masu girma ɗaya kafin mutum ya huda ɗaya. Mai sana'a a yau da ta ce za ta yi gasa da kayan waje a kan yawa da araha, hanyar masu lantana ta kama. Sai ta nemi inda inji ke da rauni. Inji bai san faɗin wuyan hannun amaryar da ke Babura ba, bai san atamfar da za ta ɗaura ba, kuma mai injin ba ya nan ranar da maɓallin zai ɓalle.

To, me ake nufi da farawa daga maɓalli? Bari mu bi aikin daki-daki, ke mai sana'a ki gwada da abin da ke gabanki. Da farko ki zagaya wuyan hannun mai saye da zare, daidai bayan ƙashin nan da ya ɗan fito, ki shimfiɗa zaren a kan ma'auni. A ce kin sami santimita 16. Ki ƙara kamar santimita 2 domin hannu ya sake, ya zama 18. Yanzu ki rufe maɓallin ki auna shi a rufe, daga kunnen da zare zai shiga zuwa ɗaya kunnen. Idan maɓalli ne na ado mai ɗan girma, yana iya cin santimita 3, ke nan jerin duwatsunki santimita 15 ne kawai. Wadda ta jera 18 sannan ta nemo maɓalli daga baya, abin hannunta zai riƙa zamewa har tafin hannu, ko kuwa ta koma ta kwance. Idan duwatsun manya ne, ki ƙara tsawo kaɗan, saboda kaurinsu na cinye filin ciki idan aka lanƙwasa. Sannan ki ɗora maɓallin a tsakiyar tire, ki riƙa jera duwatsu dama da hagu da shi kafin ki taɓa zare. Farin ƙarfe irin azurfa yana son shuɗi da baƙi da ja mai duhu, tagulla kuwa ta fi haske kusa da kore da ruwan ƙasa da murjani. Akwai kuma maganar nauyi, wadda ba kasafai ake koyarwa ba. Abin hannu kullum ɓangarensa mafi nauyi ke juyawa ƙasa. Idan kina son maɓallin ado ya zauna a bayan hannu inda ido zai gan shi, dole ɗaya ɓangaren ya fi shi nauyi, ki tara manyan duwatsu a can, ki bar ƙanana kusa da shi. In ba haka ba, kin biya maƙeri kuɗin ado, adon kuma ya tafi ya ɓuya a ƙarƙashin hannu.

Ɗaurin ma yana da ƙa'ida, kuma a nan ne yawancin aiki ke mutuwa. Ki duba abin hannu goma da suka tsinke, za ki tarar mafi yawansu a gindin maɓalli suka tsinke, inda zare ke gogar ƙarfe duk motsin da hannu ya yi. Maganinsa shi ne kada ƙulli ya zauna a jikin ƙarfen. Ki murza zaren da kakin zuma, ki bi ta kunnen maɓallin sau biyu, ki komo da shi ta cikin duwatsu uku ko huɗu, ki ƙulla a tsakaninsu, ki sake wucewa ta wasu biyu, sannan ki yanke. Kafin ki ja ƙullin ƙarshe ki lanƙwasa abin ya yi da'ira kamar yana hannu, domin idan kika ɗaure shi a miƙe ya yi tsam, ranar da aka lanƙwasa shi zaren zai ɗame ya fara ci. Dutsen gilashi kuma ki shafa bakin raminsa da yatsa, mai kaifi ki ware shi, shi ne reza a cikin jeri. Idan maɓallin irin na zobe da sanda ne, wato zobe a baki ɗaya, ɗan sanda a ɗaya bakin, a karkata sandan a zura a zoben ya kwanta a gicciye, to sandan ya kai kusan ninki biyu na faɗin ramin zoben, kuma duwatsu uku ko huɗu da ke biye da sandan su zama ƙanana da za su iya bi ta zoben, in ba haka ba mai sawa za ta yi ta fama ba zai rufu ba. Ku lura da cewa duk waɗannan shawarwari, tsawo da launi da nauyi da girman duwatsun baki, ba wadda za a iya yankewa sai maɓalli na hannu.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce a kai aikin maƙera. Hannun macen ƙasar nan ba hannun hutu ba ne. Sau biyar a yini yana shiga ruwan alwala, ga wanki, ga wanke-wanke da sabulu, ga daka, ga zufar bazara. Maɓallin leda yawancinsa baƙin ƙarfe ne ko wani gauraye mai arha da aka yi wa wankan ruwan gwal ko ruwan azurfa, siriri ƙwarai. Ki kusanta mayen ƙarfe gare shi, idan ya manne kin san abin da ke ciki. Ba a jimawa ruwan ke gogewa, tsatsa ta fito, ɗan sifirin da ke cikin bakinsa ya saki ko ya ƙage. Ɗan zoben da ake haɗa shi da zare kuma ba a liƙe yake ba, lanƙwasa shi kawai aka yi baki ya taɓa baki, da an ɗan ja shi sai ya buɗe zare ya sulale. Maƙerin fari, wato mai aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe, wanda ya bambanta da maƙerin baƙi mai fartanya da garma, yana iya yin ƙugiya daga waya mai kauri, ya bubbuga ta a kan uwar maƙera ta yi tauri, ya liƙe kunnenta da wuta, ya bi bakinta da magagari ya kashe kaifin. Babu sifirin da zai lalace, babu wankan da zai goge, domin cikinta da wajenta ƙarfe ɗaya ne. Idan ta dushe, toka da lemun tsami sun isa su dawo da ita.

Akwai kuma maganar lafiya, kuma ina so a saurare ta da kyau. Mata da yawa kan ga ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje daidai inda ɗan kunne ko maɓalli ke taɓa fata, su ce jininsu ne ba ya son ƙarfe. Sau da yawa wani ƙarfe ne mai suna nikel da ake sawa a cikin wankan kayan ado masu arha, zufa na narko shi ya shiga fata. Abin ya yi yawa a Turai har Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994 ta ƙayyade yawan nikel da kayan da ke daɗewa a jikin fata za su iya saki. Wanda ya fi wannan muni shi ne dalma. A 2006, a birnin Minneapolis na Amurka, wani yaro ɗan shekara 4 ya haɗiye wani ɗan ƙarfen ado da ke jikin abin hannu, irin wanda wani kamfanin takalma ke bayarwa kyauta, ya rasu da gubar dalma, aka janye irin abin hannun guda 300,000 daga hannun jama'a. Mu a Arewa ba ma buƙatar a ba mu labarin gubar dalma daga nesa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ke cikin dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Uwa mai goyo, abin hannunta a bakin jaririnta yake yini. Saboda haka tambayar da wane ƙarfe aka yi wannan abu tambaya ce ta rai, kuma ɗan koli ba zai iya amsa ta ba, domin shi ma a leda ya saya, wanda ya sayar masa ma a kwali ya karɓa.

A nan mai ja da magana zai ce, to ai maƙerin naka ma tarkace yake narkawa, ta ina ka san nasa ya fi lafiya? Wannan tambaya ce mai nauyi kuma ba zan kauce mata ba. Gaskiya ne aikin gida ba ya zama mai tsabta don kawai na gida ne. Maƙerin da ya jefa dalmar tsohon batir a cikin narkinsa don ya yi saurin narkewa, ko ya liƙe kunnen ƙugiya da dalmar masu gyaran rediyo, ya fi kayan leda haɗari. Tsofaffin kawunan famfo na tagulla ma akan sami 'yar dalma a cikinsu, kuma ido ba ya ganin ta a cikin gauraye. Bambancin shi ne maƙeri yana da suna, yana da rumfa, ana iya zama da shi a yi sharaɗi. A ce masa jan ƙarfe zalla ake so, ko azurfar da aka san asalinta, irin mai lamba 925, a lanƙwasa waya a buge ta maimakon a yi zubi da tarkacen da ba a san kansa ba, a liƙe da azurfa. Kuma jan ƙarfen ya zama na halal, kada neman ado ya sa a zama kasuwar ɓarayin wayar lantarki da ke jefa unguwanni cikin duhu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu nan a Kazaure. Ina ganin babu aikin da ya fi dacewa da ɗalibanta na kimiyya kamar su karɓi samfurin kayan ado daga kasuwanninmu, na leda da na maƙera duka, su bincika abin da ke ciki, su gaya wa jama'a da Hausa.

Hujja ta biyu ita ce ta kuɗi, kuma ita ce aka fi ji. Za a ce kuɗin ƙugiya ɗaya ta maƙeri ya sayi na leda masu yawa, mai saye kuma araha take nema, musamman a wannan zamani da abinci ya fi ƙarfin aljihu. Na yarda da rabin wannan. Akwai kasuwar 'yan mata ƙanana ranar sallah, abin da za a sa kwana uku a yi yawo a manta da shi, wannan ba ya buƙatar azurfa. Amma a duba halin da mai sana'a ke ciki idan wannan kasuwar kaɗai ta riƙe. Ita da maƙwabciyarta da wadda ke Roni da wadda ke Ɗambatta duk a wuri ɗaya suke saro duwatsu, Kurmi ko Sabon Gari, duk leda ɗaya suke buɗewa, aikinsu in an haɗa a tire ɗaya ba mai iya cewa ga na wance. Idan kaya suka zama iri ɗaya, abin da ya rage a yi gasa a kansa shi ne farashi, kowa na ragewa har ribar ta koma ba ta biyan zaman da aka yi ana zura zare ido na ruwa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan sana'a araha ba ta ciyar da mai ita. Wadda ke da maɓallinta na daban, mai zanen dagi ko tauraro ko irin zanen da masu sassaƙar ƙwarya ke yi, ta sami tambari. Idan aka ga abin a hannun wata a gidan biki za a tambayi wa ya yi. Dubi Buzaye maƙeran Agadas, azurfa ba a garinsu kaɗai take ba, amma siffar aikinsu ta sa ana gane shi har Faransa da Amurka. Kuma akwai kasuwar da ba ta neman araha, wato lefe da kayan amarya da kyautar suna, inda mai saye ke jin kunya a ce abin da ya kawo ya yi tsatsa kafin a gama zaman lalle na wata. Maɓallin azurfa kuma ajiya ne, ko zare ya tsinke yana nan da darajarsa, za a dawo da shi wajen wadda ta yi ta sake jerawa a biya ta ladan aiki, ciniki ɗaya ya zama biyu.

Wasu za su ce a huta da duk wannan, a yi da zaren roba, ba maɓalli ba ƙugiya. Zaren roba na da wurinsa, yana da sauri, kuma ga tsofaffi masu ciwon gaɓoɓin yatsu da ba sa iya ɓalla ƙaramin abu ya fi sauƙi. Amma duk sawa da cirewa ja ne, zafin ƙasar nan da man shafawa da turare na cinye shi, ya saki ko ya tsinke ba sallama, kuma ba ya ɗaukar duwatsu masu nauyi. Ranar da ya tsinke a tsakar gida, duwatsu sun watse inda yara ke rarrafe. Shi ya sa ma nake roƙon kada a sa wa jariri abin wuya ko abin hannu mai ƙananan duwatsu ya kwana da shi. Maɓallin mayen ƙarfe da ya shigo yanzu, mai mannewa da kansa, shi ma a nisanta shi daga gidan da ke da ƙananan yara, domin idan yaro ya haɗiye guda biyu suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi.

Sai hujjar da ta fi damuna, cewa maƙeran fari sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage sun manyanta, 'ya'yansu sun koma acaba da sayar da kati. Akwai gaskiya a ciki. Amma sana'a ba ta mutuwa don wuya, rashin mai saye ke kashe ta. Wanda ya iya ƙera zobe da 'yan kunne da kayan adon doki na hawan sallah, ƙugiya ba za ta gagare shi ba, ta fi zobe sauƙi. Abin da bai samu ba shi ne aiki mai ɗorewa da zai sa ya zaunar da yaro kusa da zugazugi. Mace ɗaya da ke son maɓalli biyu ba za ta sa ya hura wuta ba, amma mata ashirin da ke adashi tare, idan suka ware kwasa ɗaya suka ba da aikin guda hamsin, sun zama abokan cinikin da ake tanadar wa lokaci. Matan aure da ba sa fita ba a bar su a baya ba, domin cinikin cikin gida a ƙasar Hausa ya daɗe yana tafiya ta hannun dillaliya da yara da maigida, yanzu kuma ga waya, a ɗauki hoton samfuri a tura ta WhatsApp. Za a ce aikin hannu ba ya fitowa daidai wa daida, wani ya fi wani tsawo. Haka ne, kuma wannan bai zama matsala ba ga wadda ta fara daga maɓalli, tunda kowanne sai ta auna shi kafin ta jera. Wadda ke ɗaura shi a ƙarshe ce kaɗai bambancin ke ɓata wa lissafi. Masu shirya tarukan koyar da sana'o'i, na gwamnati da na ƙungiyoyi, su ma ina kira gare su da su daina raba wa mata leda da zare a sallame su. A gayyato maƙeri ya zauna a ajin, ko da yini ɗaya ne, a san juna.

Lokacin yin wannan kuwa yanzu ne. Kazaure na kan hanyar Kano zuwa Daura, hanyar Babura ta nufi Magarya da Damagaram, ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Kazaure aka tsara zai bi. Hanya ba ta zaɓen abin da take ɗauka. Za ta kawo baƙi masu neman tsaraba, za ta kuma kawo ƙarin kwalaye na kayan waje masu arha fiye da na yau. Baƙon da ya sauka yana neman abin da zai kai wa iyalinsa ba zai sayi abin da ya baro a kasuwar garinsu ba.

Akwai wani abu kuma da nake so iyayenmu su duba a ɗakunansu. A gidaje da yawa akwai tsofaffin duwatsu na kaka da kakanni, murjani da tsakiya da na gilashi masu zane, zarensu ya tsinke tun tuni, an zuba su a gwangwani ko an ƙulle a bakin tsumma a ƙasan adaka. Shekaru da dama 'yan kasuwa na bin ƙauyukan Afirka ta Yamma suna saye irin waɗannan, suna kai wa masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka, inda ake sayar da su da tsada. Kada a yi saurin rabuwa da su don wani ya taya. A wanke su da ruwa mai ɗumi ba tare da omo ba, murjani kuwa kada lemun tsami ko wani abu mai tsami ya taɓa shi domin yana cin sa. A ware masu tsaga, a duba ramin kowanne. Ramin tsohon dutse yakan faɗaɗa saboda daɗewa a zare, don haka yana son zare mai kauri ko ninki biyu, da ƙulli tsakanin dutse da dutse yadda ko ya tsinke ɗaya ne zai faɗi. Ko guda bakwai ne suka rage sun isa abin hannu, a cike sauran da ƙananan duwatsu marasa hayaniya. Irin waɗannan su ne bai kamata ko kusa a rataya wa ƙarfen leda ba. A ɗauki biyu ko uku daga cikinsu a aika wa maƙeri ya gani da idonsa, ya san nauyinsu da launinsu, kafin ya yanke kaurin wayar da zai yi ƙugiyar da ita.

A nan za mu dakata.